Incaj a Ɗakin da Babu Magani

Aikin da na yi wa gwamnati shekara talatin da 'yan kai ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Ina share asibitin sha-ka-tafi na garinmu, in ɗebo ruwa, in dafa allura a tukunya, in wanke gyambo, in kuma danne ƙato idan ya ga allura ya ce bari ya je ya dawo. Wannan na ƙarshen shi ne fannin da na fi ƙwarewa a kai. Karatuna kuwa na yaƙi da jahilci ne, shi ma jahilcin ne ya fi samun galaba. Don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, haka mai shi yake.

Ritaya ta tunkaro ni a shekarun da soja suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Mu namu aljihun ko an bar shi a wangale babu abin da zai zubo. Albashi sai wata ya mutu, na bayansa ma ya kwanta jinya. A asibiti kuwa kantocin magani sun zama makwancin ƙadangaru. Malamin asibiti ya rubuta maka sunan magani a 'yar takarda ya ce ka je kemis a Ɗanbatta, kai kuma ka ninke ta ka sa a hula, ka koma gida ka jiƙa sabara.

Wata rana na je sakatariyar ƙaramar hukuma in ji ko albashi ya zo. Bai zo ba. Akwai wani akawu a ofishin albashi, ɗan ƙanwar abokina ne, siriri mai son goro. Na ɓara goro na ba shi rabi, shi kuma ya ja ni bayan taga.

Ya ce, "Baba, ƙarshen shekarar nan fa za ka ajiye aiki."

Na ce, "Na sani. Gwiwata ma ta sani."

"A kan wane mataki za ka fita?"

"A kan wanda aka ɗora ni tun kana goye."

Ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce fansho ba da gumin mutum ake auna shi ba, da matakin da yake tsaye a kai ranar da ya fita ake aunawa. Wanda ya fita yana lebura, fanshon lebura zai ci har a kai shi makwancinsa. In ina da wayo, in yi yadda zan yi in hau ko taki ɗaya ne kafin shekara ta ƙare.

Na ce, "Da wace takardar? Ni takardar da na mallaka a duniya ta harajin jakina ce."

Ya ce akwai ƙofa ɗaya da ba ta tambayar takarda. Duk wanda aka ba shi riƙon ɗakin magani na ƙauye, ya zama incaj, to dole a ɗaga shi daga matakin lebura. Kuma akwai wani ɗaki a wani ƙauye can arewa da mu, ta wajen Makoda, ya yi shekara da shekaru a kulle, duk mai satifiket ɗin da aka tura sai ya kawo uzuri. Sharaɗin guda ne. Ƙarin ba ya tabbata sai Mai Duba, wato babban jami'in da ke zagaya ɗakunan magani, ya zo da kansa ya same ka a bakin aiki. Ba ya faɗin ranar zuwansa. In ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa, magana ta mutu.

Na ce, "Zama kawai? Ɗana, ai ni ko ba a biya ni ina iya zama."

Da na kawo wa mai ɗakina labari tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Gonar fa, Malam?"

Tambayar tana kan hanya. A ƙasarmu gona tana jingine da gona, gida yana hango gida, babu wani daji da za a ce an bar shi ya huta. 'Yar gonar da na gada, layin gamba ne kawai ya raba ta da ta ƙanena, kuma duk rani na yi shi ina jigilar taki a mangala ina zuba mata. A wajenmu in ka bar gona damina guda ba shuka, ba a rasa ɗan uwan da zai tausaya mata. Amma na riga na shirya amsata. Na ce binne zan yi. In zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, in rufe, in tafi abina. Ran da sama ta zubo, gero ya tashi da kansa ba sai ya ga fuskata ba. Kafin noman farko kuwa Mai Duba ya zo ya tafi.

Ta ce, "Allah Ya sa. Kai dai dabararka kullum tana da kyau ran da aka haife ta."

Na yi binnen, na karɓi makulli da akwatin magani guda a sakatariya, na hau a-kori-kura. A wata mararraba aka sauke ni, inda wani mai faci yake zaune ƙarƙashin darbejiya. Daga nan hanyar yashi ce ta ratsa gonaki, ta tsallaka wani rafi wanda in an yi ruwa yakan cika da safe ya janye kafin la'asar. Na ɗora akwatina a ka. Incaj guda, ga shi ɗan dako.

Ɗakin ciki ɗaya ne da 'yar baranda. Rina ta yi gida a kan taga, jemagu sun gaji silin, awakin unguwa kuma sun mai da barandar majalisa. Na buɗe akwatin gwamnati in ga da me aka haɗo ni. Aidin kwalba ɗaya, shuɗin maganin nan na gyambo, auduga, bandeji, da ƙwayar zazzaɓi da ba ta cika tafin hannu biyu ba. Sai wani kwali mai hoton yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Shi ke nan asibitin.

Ban gama korar awaki ba sai ga Mai Unguwa da dattawansa. Dogon tsoho ne mai sanyin murya. Ya miƙo mini hannu biyu ya ce, "Likita, sannu da zuwa. Mun daɗe muna roƙon Allah."

Na waiga in ga likitan da ya biyo ni. Babu kowa sai akuya. Ni da aka saba kira da "kai, zo ka kwashe wannan," yau ni ne Likita. Na gyara tsayuwa, na sa hannu ɗaya a baya yadda na ga manya suna yi, na ce, "Yawwa, ranka ya daɗe. Yaya jikin gari?"

Nan take aka yanka cewa abincina gida-gida ne, yau wannan gobe wancan. Ga tsada, ga rumbuna sun yi ƙasa, amma ban taɓa wuni ban ga kwano ba. Wata rana tuwon dawa da miyar kuka tsirara, wata rana ɗanwake ba mai, wata rana fura ba nono. Na ci, na yi hamdala, na ƙara da santi don mai gidan ya ji labari.

Sai zama ya fara nuna mini halinsa. Ashe zaman da ka zaɓa daban, wanda aka ɗaure ka da shi daban. Ban isa in je kasuwa ba. Ban isa in raka gawa maƙabarta ba, sai dai in yi salla in dawo da sauri. Ranar Juma'a ina sahun ƙarshe, liman na sallamewa na suri takalmi. Ko bayan gida zan zaga, sai na bar ƙofa a buɗe na rataya farar rigata ta aiki a ƙusa, don in mutumin ya zo ya san mai ita bai yi nisa ba. Kunnena ya koma na kare. Akwai injin niƙa a bayan masallaci, duk sanda aka tashe shi sai in zabura in zura riga in tsaya a baranda ina riƙe da kwalbar aidin. Matan da ke kai niƙa suka gane, har in sun wuce sukan ce, "Likita, mu ne, koma ka zauna."

Ƙwayar zazzaɓi ta ƙare tun kafin ruwa ya zauna. Daga nan duk wanda ya zo, in ciwon a waje yake in shafa masa shuɗi, in a ciki yake in haɗa masa gishiri da sukari. Rabin yaran garin suka koma shuɗɗa. Sukarin ma uwar yaro ce za ta zo da abinta a ƙullin zane.

A tsakiyar haka aka yi wani ɗan yayyafi, irin wanda ke jiƙa saman ƙasa ya tafi. Ina baranda ina kallonsa, na san abin da yake yi wa binne. Ya isa ya ta da iri, bai isa ya raya shi ba. Ruwa kuwa ya ɗauke ƙafa, rana ta buɗe. Bayan kwanaki wani mai sayar da manja da ke zagaya ƙauyuka ya kawo mini saƙon mai ɗakina: gero ya tsiro ya ƙone, ruwan gaske na hanya, in zo in sake shuka.

Tafiyar ba ta fi wuni guda ba, zuwa da dawowa. Na sa takalmi, na kai har bakin rafi. Sai na ji kamar ƙugin mota daga nesa. Na juyo a guje, tsoho da ni, har hulata ta faɗi. Injin niƙa ne. Washegari na sake shiri, na sake fasawa. Kullum sai in ce ai yau ce ranar da zai zo. Da mai manja ya sake zagayowa, saƙon ya sauya: ƙanena ya ga gonar tana ba shi tausayi, ya shuka ta. Ya ce in kwantar da hankalina, ai duk gida ne.

Abokin hirata a garin shi ne Sarkin Aska. Wanzami ne gajere mai baki kamar askarsa, kuma tun ran farko muka ƙulla wasa, don ya ce na zo ƙwace masa kasuwa. Ƙarƙashin wata tsamiya da ke fuskantar ɗakina yake aiki, saboda haka ina iya zama wajensa idona na kan ƙofa. Yakan ce, "Likitan shuɗi, yau mutum nawa ka rina?" Ni kuma in ce, "Daidai waɗanda ka tsaga suka gudo wajena."

A nan gindin tsamiyar bakina ya yi mini aikinsa. Mutane sun taru ana hira, wani ya tambaye ni ko zan kawo iyalina. Na yi dariya na ce, "Wane iyali? Ku dai ku ga farar motar sakatariya ta tsaya a nan, Mai Duba ya fito ya gan ni ya sa hannu. Ran nan ko tuwon dare ba zan jira ba. Sai dai ku ji ana cewa da an yi wani Likita." Har da tafa hannu. Aka yi dariya kaɗan. Na lura Mai Unguwa bai yi ba, amma na ɗauka haƙoransa ne ke ciwo.

Damina ta yi ta tafiya. Aka yi noman farko, aka yi maimai, gero ya yi kai, aka girbe, aka shiga cirar gyaɗa. Mota ba ta zo ba. Albashina ma sai dai in ba mai manja wasiyya ya tambayo mini. Na rame a tsaye duk da tuwon gari. Ƙarshen shekara ya matso har ina jin numfashinsa a ƙeyata.

Wata hantsi na zauna gaban Sarkin Aska ya yi mini aski. Ya jiƙa kan, ya murza sabulu, ya danne mini goshi da babban yatsa, ya fara daga tsakiya. Ina ta mita, ina cewa wannan Mai Duba ko rasuwa ya yi ba a gaya mana ba.

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ya ma yi ƙiba."

"A ina ka gan shi?"

"Kar ka motsa, aska ce a kanka. A mararraba. Ai sau biyu yana zuwa."

Na yunƙura, ya ƙara danne ni. "Na ce kar ka motsa, Likita. In na yanke ka, shuɗi kawai gare ka."

Yana aski yana ba ni labari kamar labarin farashin gyaɗa. Mai facin nan na mararraba surukin Mai Unguwa ne, kuma duk motar da za ta shigo sai ta tsaya wajensa ta tambayi hanya. Zuwan farko ya ce musu rafi ya cinye hanya, ko jaki ba ya wucewa. Suka juya. Zuwa na biyu Mai Duba ya ce sai ya gani da idonsa, sai aka kai shi tsohuwar mashiga wadda aka daina bi tun tuni, inda ruwa ya yi kwazazzabo mai zurfin tsayin mutum. Ya leƙa, ya yi salati, ya koma mota.

Na ce, "Kai ma da kai a ciki?"

"Ni na nuna musu kwazazzabon."

Ban san sanda na miƙe ba. Rabin kai a aske, rabi da kumfa, tsumman wanzami a wuyana, na nufi ƙofar gidan Mai Unguwa. Na same shi a zaure ana auna masa gyaɗa. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Ranka ya daɗe, me na yi muku? Tuwonku na ci da yawa?"

Ya sallami masu awo, ya nuna mini tabarma. Bai yi musu ba. Ya ce, "Likita, da bakinka ka ce ran da motar ta zo za ka tafi. Mu kuma mun san abin da ke biyo baya, kwaɗo ne. Mun ga kwaɗon nan shekara da shekaru."

Na ce, "To me nake ba ku? Ɗakin nan babu komai a ciki! Ni ba likita ba ne, ranka ya daɗe, shara nake yi. Tsintsiya ce sana'ata."

Ya ce, "Mun sani. Tun makon da ka zo mai manja ya gaya mana."

Wannan ta fi askar zafi. Wata da watanni ina sa hannu a baya ina taku, ashe kowa ya san tsintsiya ce a hannun.

Ya ci gaba a hankali. Ya ce bara war haka, lokacin gudawar yara, a amalanke ake ɗaukar yaro zuwa titi, wani a kai, wani a juyo da shi daga hanya. Bana mata suna rugowa ɗakin nan tun abin bai yi nisa ba, saboda akwai ƙofa a buɗe da mutum a ciki wanda zai daka musu tsawa ya ce a tafasa ruwa. Ya ce shi bai san lissafin asibiti ba, amma ya san sau nawa ya je maƙabarta bara, ya san na bana.

Kumfa tana bushewa a kaina tana ƙaiƙayi. Na ce, "Ranka ya daɗe, kun yi kuskure wuri ɗaya. Ba motar ce za ta tafi da ni ba, shekaru ne. Ko ya zo ko bai zo ba, ƙarshen shekara an sallame ni. Abin da kuka tare a mararraba ba tafiyata ba ce, abincin tsufana ne. Na bar gonata a kansa."

Sarkin Aska, wanda ya biyo ni da askarsa a hannu, ya ce, "Innalillahi. Ashe jakin muka ɗaure muka bar ɓarawon." Mai Unguwa ya ce, "Mun ɓata, mu za mu gyara."

Suka kuwa yi abin da ban zata ba. Dattawa suka saka manyan riguna suka tafi sakatariya, suka ce ruwa ya janye, hanya ta gyaru. Aka ce musu mota ba mai. Suka dawo aka yi karo-karo da gyaɗa, aka sayar, aka sayi mai galan biyu a hannun 'yan bumburutu, aka kai sakatariya. Ranar da motar ta shigo, Sarkin Aska ne a tsaye a bayanta yana riƙe da ƙarfe yana nuna hanya kamar shi ya gina ta. Ni kuwa ina jin ƙugin na ce injin niƙa ne, ban tashi ba sai da ta tsaya a gabana.

Mutanen gari suka so su burge baƙo. Kafin ya fito an yi layi daga baranda har tsamiya, masu lafiya garau kowa ya riƙe inda ba ya ciwo. Wani tsoho yana ɗingishi da ƙafar dama, da ya zo gabana ya manta ya miƙo ta hagu. Na shafa mata shuɗi.

Mai Duba mutum ne mai tumbi da tabarau, ga alamar gajiya a tare da shi. Ya leƙa ɗaki, ya ga an share har silin, ya ga layi, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari. Wurin da masu takarda suka gudu." Ya ɗora takardarsa a kan mota ya sa hannu. Na hau mataki. Ni ne incaj na gaske, da hatimi.

Cikin murna na ciro makulli daga aljihu na ce, "Yallaɓai, to ƙarshen wata wa zan miƙa wa wannan?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wanda aka turo ya canje ka."

"Yaushe zai zo?"

Ya ce to, nan fa ɗaya. Shi da kansa ya kai rahoto sau biyu cewa garin nan ba ya shiguwa da damina, kuma yanzu duk wanda aka ce ya zo, da wannan rahoton yake kare kansa. Ga shi an dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata. Amma in yi haƙuri, ana dubawa.

Na ce, "To in kulle in kawo muku makullin ofis mana."

"A'a, Baba. Da kana lebura ne, sai ka jingine tsintsiya ka tafi gida, wata mai zuwa a fara maganar fanshonka. Amma yanzu kai incaj ne. Ginin nan da abin da ke cikinsa amanar gwamnati ce a wuyanka. Ba a sallamar incaj sai wani ya karɓa a hannunsa. In ba sallama kuwa, ba a buɗe maganar fansho."

"Albashi fa?"

"Albashi ai ya tsaya ran da shekarunka suka cika."

Na dubi kayan gwamnatin da ke wuyana: benci ɗaya, tukunyar dafa allura, da kwalbar aidin da ta kusa ƙarewa. Na dubi Mai Unguwa. Wallahi bawan Allah nan bai yi murmushi ba, har ya sunkuyar da kai don kunya. Sarkin Aska ne ya kasa daurewa, ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Motar ta tafi da sauran man gyaɗarmu.

Haka na shiga sabuwar shekara, ba ni a aiki ba ni a gida. Duk sanda na je sakatariya, akawun nan mai son goro yana hango ni sai ya tuna ana kiransa a wani ofis. Ran da na ritsa shi ya ce, "Baba, ni hawa na gaya maka. Ban san babu tsanin sauka ba." Na je garinmu in ga gona, na tarar layin gamban da ya raba mu da ƙanena ya bi iska, an yi kunya ɗaya doguwa daga wannan kai zuwa wancan. Ya tare ni da fara'a, ya ba ni dami biyu, ya ce ai tunda ina aikin gwamnati a can, kar in damu kaina. Rigima da ɗan uwa a gaban dagaci tana son mutum ya zauna a gari yana sintiri, ni kuwa makulli yana jirana.

Damina ta biyu na kawo kai sai ga mai ɗakina a kan amalanke, da tukwanenta da turminta. Ta sauko ta dubi ɗakin, ta dube ni, ta ce, "Ina ne gidan incaj ɗin?" Mai Unguwa ya ba mu ɗaki a gidan wani ƙanensa da ya tafi ci-rani bai dawo ba, ya kuma yanka mini wani ɗan fili a bayan ɗakin magani, aro. Ban sake yin binne ba. Tuwon gida-gida bai tsaya ba, sai dai yanzu kwano biyu ake kawowa.

Sai da na ƙara cin damina biyu a haka kafin a turo wani. Mai satifiket ne, da babur. Ya karɓi benci da tukunya, ya sa hannu, na miƙa masa makulli. Ya kulle ƙofar a gabana, ya hau babur ɗinsa ya koma Kano, daga nan sai ranar rigakafi ake ganinsa. Washegari da sassafe na ji sallama a ƙofar gida. Wata mata ce da yaro a kafaɗa da ƙullin sukari a bakin zane. Na ce mata na yi ritaya. Ta ce ta sani, ta tafasa ruwan ma tun a gida.

Fansho ya fito daga baya, a kan matakin incaj, ba a cuce ni ko kwabo ba. Sai dai kafin ya iso kuɗin ƙasar sun zama ganye. Ƙarin da na bar gonar ubana a kansa, in na haɗa na wata da watanni, shi nake biyan kuɗin mota in je a tantance ni a tabbatar ban mutu ba.

Har yau a garin nake. Mai Unguwa ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Sarkin Aska hannunsa ya fara rawa, amma ni kaɗai nake yarda ya aske ni, don na riga na ji mafi munin abin da zai iya gaya mini da aska a kaina. Mai ɗakina takan ce mu koma gida, in ce mata wane gidan. Injin niƙan nan kuwa yana nan bayan masallaci, an sauya masa mai shi sau biyu. Jiya da hantsi aka tashe shi ina tsakiyar shan koko, kafin in ankara na miƙe tsaye ina laluben farar riga a ƙusa.